Furen Inna

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. Ka ɗaga mini leɓen sa ko na raƙumi, zan gaya maka shekarunsa. Haƙorin mutum kuwa ban san komai a kansa ba, kuma ban taɓa cewa na sani ba. Aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya.

Babbar 'yata ta tashi haƙoranta na gaba sun turo waje, leɓenta ba ya rufe su. Ni ban ga aibu ba. Kawunta, ƙanen uwarta da ke aiki a Kano, shi ya ga aibu. Ya kai ta wajen likita aka ɗaura mata waya a baki, ba wanda ya nemi shawarata. Ta daɗe da abin nan, tana cin tuwo kamar mai jinya.

Da aka cire, haƙora sun miƙe, wannan ba zan yi ƙarya ba. Amma duk inda ƙarfe ya zauna ya bar zagayen fari fat, kamar an ɗiga alli. Likita ya ce datti ne ya maƙale a gefen ƙarfen ya cinye saman haƙorin. Ya ba ta wani man goge baki, ya ce ta yi haƙuri na wasu watanni, wani zai dusashe da kansa, wanda ya rage akwai maganin da ake shigarwa ciki. Ya ce kada ta sa wa bakin abu mai rini.

Lokacin tana karatun malanta a Gumel, an kusa tura su koyon koyarwa. Abin da ke damunta ke nan. Za ta tsaya gaban yara ta buɗe baki.

A hutun nan ta je gaida mahaifiyata a ƙauyenmu, can gefen Sule Tankarkar. Ina wurin, ina zaune a kan turmi.

Inna ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske. "Ke, wa ya yi miki zane a baki? Wannan ne kwalliyar Kanon?"

"Iya, likita ya ce zai tafi."

"Likitan da ya sa miki linzami? Mu da muke 'yan mata, wa ya damu da farin haƙori? Fure muke ci, baki ya yi ja, samari na faɗuwa a rijiya."

"Shi ya sa kika ƙare da haƙori huɗu."

"Huɗun nan sun fi naki talatin. Kawo bakin, ja'ira."

Furen taba take nufi, wanda a da can mata suke goga wa haƙora su bi da goro. Har yanzu Inna tana da 'yan shukokinta a bayan ɗaki. A tunaninta in baki ya yi ja gaba ɗaya, farin ya ɓace. Yarinya ta faɗi maganar likita, ta kalle ni. Na ce, "Inna, an ce kada a sa." Ta ce, "Kai da wa?" A gidanmu ba a ja da Inna. Yarinya ta kwana biyar a can, kullum ana goga mata.

Jan ya wanke daga ko'ina cikin 'yan kwanaki, ban da wuraren nan. Ashe farin ba fenti ba ne a sama, rauni ne, yana shan abu kamar bangon ƙasa. Ya sha fure da goro ya koma kalar tsatsa. A da sai ka matso za ka gani. Yanzu daga bakin zaure kana hangowa.

Muka koma Kano. Likitan ya duba, sannan ya tambaye ni a gaban mutane ko ba a gaya mana ba. Na ce an gaya mana. Ya kankare abin da zai kankaru, ya ɗan yi haske. Ya ce sauran ya shiga ciki, sai dai a fere haƙorin a lulluɓe shi, kuma ba ya son fere haƙorin yarinya ƙarama. Kawun ya daina ɗaga wayata. Inna har gobe cewa take ba a bar furen ya kama sosai ba ne.

An tura ta wata firamare a Gagarawa. Na bi ta can wata Laraba a kan babur, na tsaya a bayan taga ba ta sani ba. Tana gaban allo da takunkumi irin na asibiti a fuska, ga zafin bazara. Wani yaro daga baya ya ce, "Malama, ba ma ji." Ta maimaita, ya sake cewa ba sa ji. Na ga hannunta ya tashi ya kai ga igiyar da ke kunnenta, ya tsaya a nan. Sai ta juya ta rubuta musu a allo.