Kumburin da Wanzami Ya Ƙi Hudawa

Akwai wata ranar da har yau ba ta fita daga raina ba. Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, ina sabon malamin asibiti a wani ɗakin shan magani kusa da Daudawa, ƙasar Faskari. Aikina allura, wankin gyambo da fasa ƙurji. Ina da rawar kai lokacin, da na ga kumburi sai hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Da hantsi aka kawo Malam Iro, manomi daga Mairuwa. Ya yi jinyar taifot, zazzaɓi ya ƙi sauka, ya rame, ga kumburi sama da cibiya. Yayansa ya ce sun kai shi wajen wanzami a yi masa sakiya, wato a huda da ƙarfe mai zafi mugunya ta fita, amma tsohon ya ƙi, har ma ya biyo su. Na ce a raina tsoro ne irin na tsufa. Na dafa wuƙata, na shafa aidin.

Sai Baba wanzami ya riƙe mini hannu.

"Malam, aje wuƙag ga. Ɗora tafinka tukuna, ka ji mi yake yi."

Na ɗora cikin haushi. Abin yana bugawa daidai da zuciya, yana ture mini yatsu. Nan take na aje wuƙar.

"Ƙurji ba shi motsi," in ji shi. "Wannan jini ne."

Na rubuta takardar tura mara lafiya, na raka su babban asibiti a Zariya. Likitan tiyata ya ce babbar jijiyar jini ce da ke saukowa daga zuciya, ƙwayar cutar ta ci bangonta, ta kumbura kamar tsohon tiyub. Da na tsaga, da jinin ya ƙare kafin in lalubo auduga. Suka yanke ruɓaɓɓen wurin, suka yi wa jinin sabuwar hanya, aka bi da allurai. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ba kowa ke tashi daga wannan aiki ba.

Ranar da na ga Malam Iro ya sauko daga mota da ƙafafunsa, ɗaki na shiga na zauna. Ban taɓa jin sanyi a rai irin na ranar ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku taɓa kafin ku yanka. In kuma kun ga tsohon da ya tsufa a sana'arsa ya janye hannu, ku tsaya ku tambaye shi abin da ya ji.