Irin Geron da Malam Ya Ara

Ranar wata Litinin a bazarar 1985, bayan daminar da ta ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, sabon malaminmu na kimiyya, Malam Isiyaku, ya shigo aji da gwangwanin tumatir a hannu. Ya ajiye alli, ya ce daga yau mun bar haddace yadda tsiro ke fitowa, da idonmu za mu gani. Kowa ya kawo kwanon irin gero daga gida. "Za ni gwada muku wanda ke da rai," in ji shi, "saura in maida ma kowa nashi kafin ruwan shuka."

A ƙauyenmu na wajen Kurawa, iri ba abinci ba ne. A shekarar mun ci kwaɗon tafasa da 'ya'yan anza masu ɗaci, amma zangarniyar da Baba ya zaɓa da hannunsa tana rataye a saman madafa, hayaƙi na kore mata ƙwari, ba mai taɓawa. Ba a sussuka ta sai an ji ƙamshin ruwan farko. Gero ne mai saurin nuna, wanda kakana ya zo da shi daga Nijar. Na je na faɗa wa Baba. Can ya sauko da rabinta, ya ba Inna ta sussuka. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tunda malami ya ce aro na, kai mishi."

Aikin kuwa da tsari aka yi shi. Da farko muka huda gwangwanaye da ƙusa, muka cika su da ƙasar gindin gawo, sannan muka sa ƙwaya kaɗan. Wasu aka jera a taga, wasu aka hana su ruwa, wasu aka kife da tukunya. Sauran irin Malam ya juye shi a buhu, wai don ajiya. Rijiya ta yi nisa, don haka daga ruwan shanmu muke ragewa. A gida ma na jera nawa a bayan rumbu, ƙanwata na gadin kaji, har Baba kan tsuguna ya leƙa in ya dawo masallaci. Ban taɓa son makaranta kamar lokacin ba.

Ranar kasuwar Sabon Birni, ƙanen Baba ya ga Malam yana ɗora buhun a mota. Malam bai sake dawowa ba. Hedimasta ya ce ba da saninsa aka karɓi komai ba. Ruwa ya sauka, muka shuka rabin gona da namu, rabi da geron kasuwa wanda bai kai ga nuna ba ruwa ya ɗauke. Ran da labarin tafiyar Malam ya iso gida, Baba bai doke ni ba. Ya miƙo mini hauya, ya ce, "Karatu ya isa hakanan."

Ran da na koma kwashe kayana, na ɗaga tukunyar nan. Tsiron da ke cikin duhu ya fi na taga tsawo, fari fat, siriri kamar zare. Na waiga, babu wanda zan tambaya.

Yau jikokina kan sayo wake a shago su tsirar da shi a auduga, ba wanda gabansa ke faɗuwa, kuma malamarsu na nan har ƙarshen zango tana ba su amsa. Nakan zauna kusa in saurara. Ni a aji biyar na tsaya, daidai lokacin da na fara son tambaya.