Kunnuwan Baba Tal-Kwabo

Idan ka shiga shagon askin Baba Tal-Kwabo, abin da zai fara dukan idonka madubai ne. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, wasu a gefe, har da wani tsohon madubin mota da ya ɗaure a saman ƙofa. 'Yan unguwa suna cewa son kallon kai ne ya yi wa tsohon yawa. Sharri suke masa, wallahi. Mutumin da gashin hancinsa ya fi na kansa yawa, me zai kalla?

Gaskiyar maganar ita ce kunnuwansa sun daɗe da yin murabus. Shekara da shekaru injin aski yana ruri a gefen kansa, ga janaretan maƙwabcinsa mai walda, a hankali duniya ta yi masa shiru. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya koma sauraron mutane da ido. Kana kan kujera kana zuba, shi kuma yana bin leɓɓanka ta madubi yana ba ka amsa daidai. Amma in tsautsayi ya sa ka sunkuyar da kai kana danna waya, sannan ka ce a ɗan rage maka gefe kawai, to ka tashi da kai kamar ƙwai. Nan sunan ya samo asali. In ka yi ƙorafi sai ya ce, "Zafi ake yi, ɗana, gata na yi maka."

A gida ma dabarar tana ci, don matarsa mace ce mai magana da dukkan fuskarta. Inda abin ya gagara shi ne waya, tunda waya ba ta da leɓe. Yana da yaya mace, ita kaɗai ta rage masa a 'yan ɗakinsu, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu tana zaune wajen ɗanta a wani gari mai nisa. A da sukan yi hira har wayar ta ɗauki zafi. Yanzu kuwa da ya ga sunanta ya haska, sai ya cusa wa matarsa wayar ya ce, "Ki ce ina wanka."

"Malam," in ji matar wata rana, "Yaya ta ce in tambaye ka ko kifi ka zama."

Ya yi dariya. Amma saƙon da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Yaya ta ce in ta yi masa wani laifi ya yafe mata, ba za ta ƙara damunsa ba. Kuma ta cika alkawari, wayar ta yi tsit. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame. Sai dai ya buɗi baki ya ce shi kurma ne? Shi da ya fi kowa labarin unguwa? Ina! Ya gwammace Yaya ta ɗauke shi butulu.

Ana cikin haka wani malamin jami'a da ke aski wurinsa, wanda kowa ke kira Dakta, ya ce suna neman dattawa don wani bincike kan yadda mutum yake gani da yadda yake ji. Baba ya so ya zille, sai mai walda ya leƙo ya ce, "Dakta, bar wannan, in ya je faɗuwa zai yi." Shi ke nan an gama da shi. Baba bai taɓa barin a ce ya faɗi a komai ba, ko da gasar tofa yawu ce.

Ranar zuwa ya sa tufafinsa mafi kyau, ya fesa turaren da yake fesa wa manyan kwastomomi, ya isa kafin a buɗe ofis. Wata ɗaliba mai farin gilashi, wadda Dakta ya ɗora kan aikin, ta tarbe shi. Ta yi masa bayani tana kallonsa, ya fahimci komai tsaf. Aka fara da gwajin ido: ɗigo yana ɓullowa a fuskar kwamfuta, mutum ya nuna inda ya gan shi. Haba! Wannan ai abincinsa ne. Ɗigon bai gama fitowa ba Baba ya cafke shi. Aka nuna masa fuskar wani mutum yana furta kalmomi cikin hayaniya, ya maimaita su ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙara da cewa wanda ya yi wa mutumin gyaran gemu bai iya aiki ba.

Sannan aka zo inda yake tsoro. Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, ta kifa masa wasu manyan abubuwan sauraro a kunne, ta ba shi maɓalli a hannu. "Baba, duk sanda ka ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ka danna." Ta fita ta rufe ƙofa, ta zauna a bayan wata tagar gilashi, a gefensa.

Shiru. Gumi ya fara tsattsafo masa. Sai idonsa ya faɗa kan baƙar fuskar kwamfutar da ke gabansa, wadda aka kashe. Allah mai iko, ga tagar nan ta fito a ciki raɗau, ga ɗalibar, ga kafaɗarta tana ɗan motsawa duk lokacin da ta taɓa na'urarta. Baba ya gyara zama. Kafaɗa ta motsa, ya danna. Ta sake motsawa, ya danna.

Ɗalibar ta rage ƙarar, Baba ya danna. Ta ƙara ragewa har inda saurayi mai jini a jika ba zai ji ba, Baba ya danna, yana ma kaɗa kai kamar mai jin daɗin kiɗa. Ta saka wata siririyar ƙara wadda sai dai kare, Baba bai ba ta kunya ba. Yarinya ta miƙe da rawar jiki ta kirawo Dakta, suka tsaya kan sakamakon suna zare ido. Dakta har ya cire hula yana fifita da ita. Yana sunkuyawa ya duba na'urar, ƙafarsa ta taɓa wani abu a ƙasa. Igiyar abin sauraron ce, a yashe. Mai shara ya tumɓuke ta da safe, ba wanda ya lura. Tun da aka fara, ko ƙarar sauro ba ta shiga kunnen Baba ba.

Ɗalibar ta mayar da igiyar, ta ja labule ta rufe tagar, ta saki ƙara. Ta ƙara mata ƙarfi. Ta sake ƙarawa. Baba yana zaune da maɓalli a hannu, yana kallon baƙin gilashi, yana jiran kafaɗar da ba za ta dawo ba. Sai can da ƙarar ta kai ta tayar da mai barci, ya danna a hankali.

Da ta buɗe ƙofa ya riga ta magana. "Na'urarku ce ta lalace."

"Ta lalace ɗazu, Baba," ta ce, ta durƙusa inda zai ga bakinta. "Yanzu lafiyarta lau. Kuma ba jarrabawa ba ce, ba a faɗuwa. Abin da muke nema ke nan mu gane, yadda ido ke taya kunne aiki. Kowa yana yi bai sani ba. Kai dai naka idon ya karɓe aikin gaba ɗaya. Mu ba ma magani, amma akwai asibitin kunne, suna da ɗan abin da ake saƙalawa a kunne ya ƙara ji." Sai ta tambaye shi, "To a waya fa, yaya kake yi?"

Ya buɗe baki zai yi mata irin zilliyar da ya saba, sai ya fasa. Ya daɗe yana jujjuya abin sauraron a hannu. Sannan ya ce, "'Yata, wannan abin naku, yana shiga waya?"

Dakta da kansa ya nemo mahaɗin, ya jona abin sauraron da wayar Baba, ya ƙure ƙarar. Baba ya mayar da abin kunnensa, ya lalubo lambar Yaya. Ya manta ƙofa a buɗe take, kuma kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, don haka har masu wucewa a baranda sun sha labari.

"Yaya! Ni ne Auta! Ba fushi nake ba! Ba wanka nake ba! Kunnena ne ya mutu, na ji kunyar faɗa miki!"

Sai ga muryarta, tsohuwa, a shaƙe, amma tata ce, a tsakiyar kansa. Rabonsa da jin ta har ya manta tana da ɗan kaushi. Idonsa ya cika.

"Wa ke magana?" ta ƙwala. "Ɗaga murya, bawan Allah! Ni kunnen nan ya tafi tun bara, kuma yaron da ke maimaita mini ya fita!"

Baba ya share fuska da hannun rigarsa mai tsada, ya ja numfashi har ƙasan ciki.

"Yaya, Auta ne!"

"Auta? Ja'irin yaro! Ka fito daga wankan?"