Saiwar Sanya Don Gwiwar Inna

Ana kiran assalatu muka bar Madarumfa, ni da baffana da jakinsa mai taurin kai. Saboda Inna muka fito. Gwiwoyinta sun kumbura tun damina, ga ƙanwata ta kusa haihuwa a Safo, ita kuwa ta rantse da ƙafarta za ta je ta yi mata wankan jego. Magani ɗaya ta yarda da shi: saiwar sanya, uwar magunguna. Itatuwan sanya na kusa da tafkin garinmu masu haƙa sun kashe su tas, sai dai dajin Baban Rafi.

Hanya yashi zalla, jaki na taku ɗaya yana tsayawa tunani. Muka riƙa ratsewa cikin gero, don sojan Nasara na kamun mutane aikin hanya. A Gabi muka sha fura, tsaminta har cikin kunne, amma yunwa ba ta san zaɓe ba.

Kai, daji ya amsa sunansa! Ƙaya ta yage mini wando, birai na leƙenmu daga sama. Muka wuni muna bulayi, har baffa ya ce mu juya. Na ce wallahi ba ni komawa gaban Inna hannu rabbana. Da la'asar sai ga sanya, ƴar siririya, ita kaɗai. Ina sara ƙasa ƙamshinta ya bugi hancina, na ɗaga fartanya zan tumɓuke ta duka.

Wani tsohon maharbi, cikin Annan Gabi masu bin al'adar kaka da kakanni, ya fito daga duhuwa ya riƙe mini hannu.

"Samari, jijiya ɗaya ake cira, ta gabas. Ka zuba mata gero, ka mai da ƙasa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wannan wahala a kan jijiya ɗaya? Na dai yi yadda ya ce, ina gunaguni.

Da muka iso gida Inna ta sunsuna saiwar, ta dube ni.

"Ka rufe ramin?"

"Na rufe, Inna, har da gero."

"To, yanzu za ta ci."

Ta daka ta yi ta shafawa. Ranar da aka aiko daga Safo cewa ƙanwata ta haihu, sanda ta ɗauka, ta ƙi hawa jaki, tana tafe tana ɗingishi tana yi mana faɗa.

A tafiyar nan na gane abin da ya kashe sanyoyin garinmu: irin hannuna ne. Damina za ta dawo, gwiwar Inna ma haka, ni kuwa na san inda na bar itacen nan tsaye da ransa.