Gaisuwar Safe Da Ta Dawo Mini Da Mahaifiyata

A lokacin ni tela ce a unguwar Sagnarigu, ga saurin hannu ga saurin baki, ina ganin babu wanda zai koya mini kula da tsoho. Da ƙafar mahaifiyata ta shanye bayan rasuwar babanmu, sai na ɗauko ta daga gidanmu na unguwar Sakasaka na dawo da ita wurina. Ɗaki mai fanka, abinci mai zafi, magani a kan lokaci. Na ce to, Mma ta huta.

Ashe ba hutu ba ne. Matar da in ta fara hira sai an roƙe ta ta yi shiru, ita ce ta koma kallon bango. Tuwo ya huce a gabanta, koko ya yi sanyi. Likita ya ce jiki da sauƙi, kaɗaici ne ke cin ta. Na ji haushi, na tambaye shi ni ɗin da ke gidan itace ce? Amma wallahi tsoro ya kama ni, don kullum ƙara zamewa take daga hannuna, har ta fara cewa in raba zannuwanta tun tana raye.

A Sakasaka, shekara da shekaru, in an idar da sallar asuba Mma takan bi ƙofa-ƙofa ta gaida maƙwabta, Hausawa da Dagomba. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, a bi 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa da naa, naa, yadda Dagomba ke amsa gaisuwa. A sabuwar unguwarmu kuwa kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe.

Wadda ta gano ciwon wata tsohuwa ce 'yar Dagomba, maƙwabciyarmu ta dā mai sayar da man kaɗe. Ta girmi Mma, ba ta taɓa shiga aji ba, idonta ma ya yi rauni. Ta zo dubiya a keken haya mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo, ta daɗe tana kallon Mma, sannan ta juyo ta wanke ni tas, wai na cika cikin uwata na bar kunnenta da yunwa. Ta kwance waya daga bakin zaninta, ta ce 'yarta ta koya mata inda za ta danna ta yi magana a WhatsApp, in ita da ba ta gani sosai ta iya, ni ba ni da hujja. Na ce a raina, kai, tsofaffi da rigima!

Washegari saƙon murya daga tsohuwar ya shigo wayata. Na kai wa Mma na danna. Gaisuwa ce cikakkiya, ba ta rage komai ba, har da tsokanar wai Mma ta zama 'yar gayu ta manta da talakawa. Sai na ga mahaifiyata tana ƙoƙarin rusunawa a kan gado yadda ake yi wa na gaba, tana amsa wa waya naa, naa, hawaye na zuba. Ta ce maza in danna mata ta rama. Ranar ta shanye kokonta.

Na saya mata tata wayar. Tsohuwar nan ta dinga jawo sauran ƙawayensu, da wata ta unguwar Changli, da wata mai nono ta bayan gari, har suka zama ƙungiya. Ita ke buɗe gaisuwa kowace safiya, ta kira kowace da sunanta, wadda ba ta amsa ba zuwa hantsi a aika a dubo ta.

Bara Allah ya karɓi ran tsohuwar nan. Na ce shi ke nan, Mma za ta koma gidan jiya. Washegarin sadakar uku na tsaya bakin ƙofar ɗakin Mma, sai na ji muryarta. Ta danna da kanta, tana kiran matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta kira sunan marigayiyar ma, ta yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ta wuce ta gaba.

Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa, ta ga abin da ni mai ido biyu ban gani ba. Ku masu tsofaffi a gida, kada ku ce waya ta yara ce. Ku zauna ku koya musu ba tsawa, ku nemo musu muryoyin mutanensu, don su ne maganin, ba wayar ba. Tsoho yana iya ƙoshi, kewa ta kashe shi a ɗakin da ka share masa da hannunka.