Igiyar da Na Kwance a Wurin Matsar Rake

Edita, a shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni saurayi ne ɗalibin jami'a a Zariya, kuma ina cikin 'yan ƙalilan da suka kai wannan matsayi daga yankinmu na Maƙarfi. Mahaifina yana da wurin matsar rake a Gubuchi, inda doki ke zagaya injin, ruwan raken kuma a dafa shi cikin manyan kasake na ƙarfe har ya zama mazarƙwaila. Kasaken a kan murhun da aka haƙa cikin ƙasa suke, bakinsu daidai da idon sawun mutum.

Akwai wani dattijo makaho mai tufkar igiya da ke kawo mana igiyoyin ɗaure rake. Ba ya yawo da ɗan jagora. Saboda shi mahaifina ya ɗaura doguwar igiya a kan turaku tun daga ƙofa har rumfar ciniki, ta kewaye kasaken daga nesa. Dattijon yakan dafa ta da hannun hagu, sanda a dama, yana tafe yana zolayata. Baturen Gubuchi yake kirana, yana cewa takalmina ya fi ni iya sallama.

Wani hutu muka sami labarin jami'an aikin gona za su zo duba wurin. Mahaifina ya tafi ta'aziyya Kudan, ya bar mini kula. Na dubi igiyar nan da ta yi baƙi da hayaƙi, na ga za ta kunyata mu. Na kwance ta, na tumɓuke turakun, na kafa allo mai jan fenti da na rubuta gargaɗin wuta a kai, da Hausa da Turanci. Har na ja da baya ina yaba rubutuna.

Da hantsi ina bayan rumfa sai na hango dattijon ya shigo da damin igiya a kai. Ya miƙa hannu inda ya saba, bai taɓa komai ba. Ya yi sallama, ƙarar injin ta haɗiye muryarsa. Mai yiwuwa ya ɗauka bai kai ga turken farko ba ne, don haka ya ci gaba, yana karkata zuwa kaskon da ke tafasa. Na kwarma masa ihu cewa ya bi ta can, ina nuni da hannu, kamar zai ga hannun. Jin muryata ya sa ya juyo gare ni, alhali kaskon yana tsakaninmu. Na ruga, dokin injin ya gitta gabana. Sandarsa ta bugi ƙarfe, ƙafarsa ta zame a kan ɓawon rake, ya kai hannun dama don ya tare faɗuwa. Hannun ya nutse cikin kaskon kafin in cafko rigarsa.

Bai rasa ransa ba, amma yatsun sun ƙanƙance, bai sake tufka ba. Mahaifina bai daka mini tsawa ba. Tambayata kawai ya yi, wa na rubuta wa allon, tunda duk mai ido yana ganin wuta. Da na je gaishe da dattijon na kasa haɗa kalmomin neman gafara. Shi ya riga ni, ya ce ya yafe, Allah ne ya ƙaddara, amma Bature ya daina gudu a gaban doki. Mahaifina ya ɗauki nauyin abincin gidansa, sai dai mutumin da ya saba ci da hannunsa bai ji daɗin wannan ba, kuma na ga haka a fuskarsa har ya rasu.

Yau na haura shekara tamanin, ina tambayar kaina ko jahilci ne ya sa ni, ko son a yaba mini. Na fi zaton na biyun. Ina roƙon masu kantuna da ma'aikatu, kafin ku kafa alama ko ku cire wadda kuka tarar, ku tambayi makaho da kurma da gurgun da ke shigo muku yadda suke gane hanya. Ni ban tambaya ba, kuma wani ne ya rasa hannunsa.