Wayar Baban Saratu

Jama'a, wallahi ba ji na yi ba, da ni abin ya faru, shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola. Lokacin ni ke kula da intanet a wani ƙaramin ofis a Bekaji.

Ga wanda bai sani ba, duk waya ko kwamfutar da aka taɓa haɗawa da intanet ɗin ofis, da ta shigo harabar, rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ita ke ba ta lambar shiga da kanta, kuma sai tana kusa, don intanet ɗinmu ko bakin titi ba ya kaiwa. Oga ya dame ni wai intanet na jan ƙafa, in nemo mai sata, ni kuwa da rawar kai na buɗe jerin na'urorin da ke haɗe da rautar, na bi tebur-tebur ina kashe na'ura ɗaya bayan ɗaya, har firinta, kowacce ta ɓace daga jerin sai waya guda mai suna Baban Saratu.

Kwana huɗu ina fakonta. Ƙarfe huɗu na yamma daidai za ta shigo ta karɓi lamba, bayan minti goma ta fita. Na zaga harabar, na leƙa bayan katanga, ba kowa, benci ma na bakin ƙofa wayam. Rana ta biyar na toshe ta, na shigo ina cika baki, "Na yi maganin ɓarawo, wani wai shi Baban Saratu!"

Madam Rifkatu, mai buga mana takardu, ta tsaya cak. Ashe mijinta ne, Bitrus, wata uku ke nan da ya tafi Madagali ɗauko mahaifiyarsa, ba shi ba labarinsa, lambarsa kullum a kashe. Kuma dā ƙarfe huɗu yake zuwa ɗaukarta da kekensa, ya zauna a bencin nan yana jira.

"Injiniya, don Allah ka buɗe mishi," in ji ta. "Wayan ni na saya, ni na sa sunan. In wayan yana zuwa, shi ma yana zuwa."

Kai! Nan take na cire toshewar. Ƙarfe huɗu muka zauna gaban kwamfuta ni da ita, wayar ba ta shigo ba. Sati biyu muna haka, ba ta fashi, ni ma ba na iya tashi in bar ta. Ranar ƙarshe ta ɗauki jakarta, ba faɗa ba kuka, ta ce, "Kwana huɗu yana zuwa, ka rufe mishi ƙofa."

Har yau ba a ga Bitrus ba, ba a ga gawarsa ba, kuma na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin, ba wanda ya iya ce min ga yadda aka yi. Abin yana ci na har gobe. Ku masu wannan sana'a, in kun ga baƙon suna a jeri, don girman Allah ku tambayi mutanen wurin kafin ku toshe.